Keken Ɗinki a Ƙuryar Ɗaki

Da hannu aka kalmashe bakin yunifom ɗin Chinelo. Afiniki ta lura da haka ne a layin famfo, lokacin da ƙawar tata ta sunkuya tana gyara zaman bokiti. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, sai dai zaren kala biyu ne, shuɗi ya ƙare a tsakiya aka ci gaba da baƙi. Ta kawar da kai da sauri, ta shiga kallon taragon kwal da ake turawa baya a tasha.

"Me kike kallo?" in ji Chinelo. "Ko mijinki ne mai zuba kwal ɗin?"

"Mijin kakarki dai."

"Kakata ta fi ƙarfinsa. Matso da bokitinki, waccan matar za ta shige gabanki, kuma na san ki, ba za ki ce komai ba."

Matar kuwa ta shige ɗin.

Da can, kafin rikicin 1966, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan. Baban Chinelo, Marcel, makaniki ne a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi. Baban Afiniki, Malam Silvanus, akawu ne a ofishin kaya, kuma dattijo a ikilisiyarsu. Ranar da gari ya rikice, shi ya ɓoye iyalin Marcel kwana biyu a ɗakin da ake ajiye citta, shi ya raka su har cikin jirgin da zai kai su Gabas. Abin da ba su iya ɗauka ba shi ne keken ɗinki na ƙafa, wanda Maman Chinelo ke sana'a da shi. Afiniki tana da shekara tara a lokacin, tana tsaye a tsakar gida sa'ad da matar ta kama hannun mahaifiyarta ta ce, "Martha, riƙe mini. In Allah ya yarda zan dawo."

Bara Maman Chinelo ta dawo, bayan an gama yaƙin basasa, ita da Chinelo kaɗai. Marcel bai dawo ba, ba a kuma tambayi yadda aka yi ba. An riga an ba wani gidansu, sai ta kama ɗaki ɗaya a tsallaken layin dogo, ta fara tuyar ƙosai a bakin tasha. Chinelo ta rasa shekara uku na karatu, ga ta yanzu a aji biyar, ta fi kowa tsawo, har yara suna ce mata Anti.

Ranar da suka fara zuwa gaisuwa, Mama, mahaifiyar Afiniki, ta rungume su ta yi kuka, ta dama gwaten acca. Sai da aka ci aka wanke hannu Maman Chinelo ta tambayi keken, a hankali, tana kallon tabarma.

"Ai bayan tafiyarku nan ma masu wawaso sun shigo," in ji Mama. "Suka kwashe."

Baba yana zaune a kujerarsa. Afiniki ta jira ya ɗago kai. Bai ɗago ba.

"Ba komai, Maman Afiniki," in ji matar. "Kun ba mu rai, keke mene ne?"

Keken kuwa yana ƙuryar ɗaki, bayan labule, an rufe shi da zane. Tun a shekara ta biyu da tafiyarsu Mama ta fara taka shi, ta koya da kanta, har ta zama ita ke ɗinka wa zumuntar matan coci kayansu, da yunifom na rabin yaran layin. Da shi ake ciyar da ƙannen Afiniki huɗu in albashin Baba ya makara. An shafa wa teburinsa koren fenti, aka ce daga Jos aka sayo shi. Maƙwabta ba su yi musu ba. Kusan kowane gida a layin yana da gado ko kabad ko rediyo da ba a son a tambayi asalinsa.

Bayan addu'ar yamma ta ranar, Baba ya kira Afiniki, ya juya harshe zuwa yaren gida kamar yadda yakan yi in magana mai nauyi ce. "Abin da kika ji, kin ji. Kada bakinki ya fita da shi daga gidan nan."

Shekara ɗaya ke nan bakinta bai fita da shi ba. Kowa yana yabon ta. Malama Hellen ta makarantar Lahadi takan ce wa sauran 'yan mata, "Ku dubi Afiniki, ko tarinta ba a ji." Ita ta zo ta ɗaya a haddar aya, aka ba ta Sabon Alkawari mai jan bango. Duk sa'ad da aka kira ta 'yar dattijo, sai ta ji wuyan rigarta yana shaƙe ta, don ta san a kan wane keke aka ɗinka ta. Ta daina shiga ƙuryar ɗakin in ba dole ba. In Mama tana ɗinki, ƙarar takan bi ta har bayan gida inda take wanke-wanke. Ta yi ƙoƙarin janye jiki daga Chinelo, amma Chinelo ba irin wadda ake janye wa ba ce. Takan tsaya a bakin ƙofa ta yi ta ƙwala kira har sai an fito.

A watan Agusta aka kammala ajin baftisma. Al'adar ikilisiyarsu ce, kafin a kai mutum rafi sai ya zauna gaban dattawa su gwada shi. Tambayar ƙarshe ba ta canjawa, kowa ya san ta: ko akwai kayan wani a wurinka, ko wanda ka cuta ba ka nemi gafara ba. Saboda tambayar nan, makon gwaji yakan cika da mayar da kaya. Lucy, wadda suke benci ɗaya da Afiniki, ta mayar da ɗankunnen yayarta da ta ce ya faɗa rijiya. Wata tsohuwa ta tako tun daga Gidan Waya da tukunyar da ta ara shekara shida.

Ranar Asabar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rufin kwanon majami'a yana ƙara. Dattawa uku ne a kan dogon benci: Fasto Bartholomew a tsakiya, Baba Rufus mai nauyin kunne a dama, mahaifin Afiniki a hagu. Ta amsa tambayoyin farko ba tare da tuntuɓe ba. Fasto ya gyaɗa kai, ya rufe littafinsa.

"To, 'yata, ba ma sa mutum a ruwa da kaya a kansa. Akwai kayan wani a wurinki, ko wanda kika cuta?"

Ta dubi mahaifinta. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, gilashi ɗaya, sannan ɗayan.

"Babu," in ji ta.

Baba Rufus ya kara hannu a kunne. "Me ta ce?"

"Ta ce babu."

"Ni ban ji ba. Ɗaga murya, jikata, ba da sauro muke magana ba."

"Babu, Baba!"

"Yauwa. 'Yar Silvanus ce, da me za ta cuci mutum?"

Suka yi dariya, aka yi addu'a, aka sa ranar Lahadin sama.

A hanyar gida ita da Baba suna ƙarƙashin laima ɗaya. Hazo ya rufe duwatsun Kagoro, ruwa yana gudu ja a gefen hanya. Sai da suka wuce kwalbatin kasuwa ta samu murya.

"Baba, keken nan."

Bai tsaya ba. "Kwana biyu na yi a ƙofar ɗakin citta, ban runtsa ba. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Ban ce uwarki ta yi daidai ba. Bakinta ya riga ta, ni kuma na yi shiru, shi ke nan magana ta zauna. Yanzu in ta fito, kin san abin da zai biyo baya? Horo za a sa ta. Bencin baya, wata shida ko shekara, ba Jibin Ubangiji, ba zumunta. Matan da take ɗinka wa kaya su riƙa juyowa suna kallon ta. Ni kuma in sauka daga dattijo." Ya karkato laimar wajenta, kafaɗarsa tana jiƙewa. "Kina so ki ga uwarki a bencin baya?"

"A'a."

"To."

Ta san bencin. Yana dab da ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa, kuma yara sukan leƙa su ga wa ke kai. Ta yi ƙoƙarin ganin Mama a can da ɗankwalinta na zumunta, ta kasa. Ta yi ƙoƙarin ganin kanta a cikin rafi, Fasto ya dafa mata kai, mata suna waƙa a bakin gaɓa, nan ma ta kasa.

Ranar Juma'a Mama ta yanka farin yadi ta haɗa rigar baftisma, saura hannu ɗaya da kalmasa. Da la'asar ta tafi taron zumunta da ƙananan yaran, ta ce in ta dawo za ta ƙarasa. Baba bai taso daga aiki ba. Afiniki tana tsince acca a faranti sai ta ji kiran.

"Afiniki! Mai tsarki! Fito mu ga ko fukafukai sun fara tsirowa."

Chinelo ta shigo tana warin man ƙosai, ta cire silifas a bakin ƙofa, ta zauna a hannun kujerar Baba, abin da babu yaron gidan da ya isa ya yi.

"Mu Katolika tun muna jarirai aka gama mana, ban ma san an yi ba. Ku kuma sai kun girma a kai ku rafi a tsoma kamar wanki."

"Aƙalla mu muna fita fes."

"Wa ya sani? Wata sai an sa soda." Ta ciro wani abu daga ƙullin zaninta ta warware a cinya. Farin leshi ne na wuyan riga, saƙar kwarashi, da ƙananan furanni a baki. "Mama ta ce a ɗora miki a rigar. Mako biyu tana yi, tsakanin kasko da kasko. Kada ki ga ɗigon mai ki ce ado ne."

Afiniki ta ajiye farantin. Ba ta miƙa hannu ba.

"Kuma akwai wata magana," in ji Chinelo, muryarta ta sauka. "Ita kunya take ji, ni ba na ji. Wasu matan cocinmu sun ce za su ba ta ɗinki in tana da keke. Ko Mamanki za ta bar ta ta riƙa taka na Jos ɗin nan ran Asabar, awa biyu kawai? Za ta zo da zarenta da man keke. Kin san hannunta. Jiya na gan ta tana taka ƙasa da ƙafa tana tuya, ba ta ma san tana yi ba."

Gaskiyar tana nan a kan harshen Afiniki, a shirye, kalma huɗu ko biyar. Ta buɗe baki, sai bencin baya ya tsaya mata a ido, da kafaɗar Baba a jiƙe. Ta rufe.

"Ke, lafiya? Ba yau na ce ba. Ina rigar? Kawo mu gwada wuyan."

Kullum in Chinelo na son wani abu daga ciki, Afiniki ce ke shiga ta fito da shi, ta ja labule a bayanta. Haka Mama ta koya musu. Ta miƙe tsaye, ta kai rabin ɗakin, ta tsaya.

"Tana ciki," in ji ta. "A kan keken. Shiga ki ɗauko."

"Yau kuma ni ce 'yar aikenki?" Chinelo ta yi tsaki na wasa, ta ɗaga labulen ta shige.

Afiniki ta ji takun ƙafarta, uku, huɗu. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba. Can waje wata mai tallar gyaɗa ta wuce, wani injin jirgi ya yi huci a loko. Ta jira a kira sunanta, ba a kira ba. Da ta kasa jurewa ta je ta kama gefen labulen.

Chinelo tana tsaye gaban keken, ba ta taɓa rigar ba. Yatsunta suna kan maɗaukin 'yar durowar da ake ajiye allura. Ba na kanti ba ne. Wani babban noti ne na tagulla, irin na loko inda babanta ya yi aiki, da aka goge aka ɗaura a madadin wanda ya karye, kuma koren fentin bai kama shi ba, ya ɓare a gefe. Ta ja durowar kaɗan, ta tura ta koma. Ta sunkuya ta dubi abin takawar, ta daɗe tana dubawa.

Sannan ta juyo. Afiniki ta tsaya cak tana jiran zagi, ko mari, har tana fatan marin ya zo da ƙarfi. Tana so ta ce ita ma ba ta so ba, tana so ta ce kada a faɗa wa kowa, tana so ta ce a faɗa. Chinelo ta dube ta tun daga ɗankwali har zuwa bakin rigar da ke jikinta, ba fushi a fuskarta, kamar dai tana ƙoƙarin gane wadda ke tsaye a wurin.

Ta ɗora leshin a kan farin yadin, ta shafa shi da tafin hannu ya kwanta. Ta zo wucewa ta karkata jiki don kada kafaɗarta ta goge ta Afiniki. A bakin ƙofa ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗinta a hannu, ta fita tsakar gida ba takalmi, ta ja ƙyauren waje a hankali har ya rufu.