Saura Maki Huɗu

Bernadette ta dire kwalin kwanuka a baranda da ƙarfi har wani abu ya yi ƙara a ciki. Ko dubawa ba ta yi ba. Ai ba nata ba ne, na ƙanwarta Paulette ne, wadda ke tarewa yau a gidan da Bernadette ta shekara shida tana leƙe ta tagar bas in za ta aiki a kantin magani.

"Yaya, a hankali mana! Kwanukan Mama ne fa," in ji Paulette daga bayan motar kaya.

"Na san su. Ni na girma ina wanke su."

Duk faɗin birnin Toledo babu mai riritar makin biyan bashi kamar Bernadette, lambar nan da bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. Ƙololuwarsa ɗari takwas da hamsin, ita kuwa tana da ɗari takwas da arba'in da shida. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa makara da biyan ko dala ɗaya ba. Akwai wani tsohon katin banki da take sayen cingam da shi sau ɗaya a wata, don kada a rufe shi maki ya sauka. Kafin ta wanke ido da safe, sai ta duba lambar a waya.

Bernadette ce ma tsoho Zielinski, mai gidan, ya fara yi wa tayin sayar da shi, don ita ke haɗa masa maganin hawan jini. Zai koma wurin 'yarsa a Arizona, ya ba ta wata biyu ta nemo kuɗin. To amma duk wanda ya nemi rance sai banki ya bincike shi, binciken kuma yana zaftare 'yan maki. Bernadette ta ce sam, ba za a taɓa mata lamba ba ana saura maki huɗu ta cika. So take ta shiga banki da cikakken maki, manaja ya miƙe mata tsaye. Wata biyu suka wuce, maki ya kafe inda yake. Da Paulette ta bugo waya ta ce, "Yaya, in ba kya so, in gwada?" dariya Bernadette ta yi ta ce ta gwada mana. Wa zai ba da rancen gida ga mai maki ɗari bakwai da sittin da biyar, wadda ta taɓa mance biyan kati don ta tafi yawon bakin teku?

Sai ga shi an ba ta.

A kicin Paulette tana jera kofuna tana 'yar waƙa. Rana ta shigo ta babbar taga ta kwanta daidai inda Bernadette ta daɗe da ajiye teburinta a zuci. Kishi ya turnuƙe ta har tana jin ɗacinsa a harshe. Abu ɗaya ya rage mata na sanyaya rai: ta tabbata banki ya lafta wa ƙanwar tata kuɗin ruwa mai yawa.

"Kuɗin ruwa nawa suka ɗora miki?" ta tambaya, kamar ba ta damu ba.

Paulette ta faɗa. Bernadette ta ce ta sake faɗa, ta sake. Shi ne daidai abin da ita kanta ta lissafa za a ba ta.

"Ƙarya kike yi."

"Ga takarda can a jaka. Matar bankin ta ce in dai mutum ya kai maki irin nawa, daga nan sama duk ɗaya ne a wurinsu. Har na ba ta labarinki, na ce yayata ta kusa cikawa."

"Me ta ce?"

"Ta ce, 'Kai, madalla.' Sai ta ce in sa hannu a nan."

Bernadette ta nemi wani kwali ta zauna a kai. Shekara goma sha ɗaya, madalla. Ta tuna ɗakinta na haya a saman shagon tayoyi, inda tufafinta ke warin roba, ga mai ɗakin ya aiko takardar ƙarin kuɗi tun makon jiya.

Paulette ta goge hannu ta zo ta tsuguna a gabanta. "Yaya, kar ki ji haushina. Ɗakin sama babu kowa, ni kuma biyan nan zai yi mini nauyi ni kaɗai. Ki dawo nan mana. Na so in kafa sanarwa, amma tsoron 'yan haya nake yi, ba ka sanin mai biya da mai guduwa." Ta yi murmushi da zuciya ɗaya, abin da ya fi komai ciwo. "Ke kuwa da makin nan naki, wane mai gida ne zai ƙi ki?"

Bernadette ta buɗe baki za ta faɗi maganar da za ta raba su har Kirsimeti, ta haɗiye. Ta daɗe tana kallon matakalar da ke hawa sama.

"Nawa ne hayar?" in ji ta.