Dutsen Niƙan Hajiya

"Ki taɓa shi ki gani! Ko da farce ki taɓa shi, Jamila!"

Muryar Hajiya maƙwabciyata ke nan, har ta tsallako katanga ta iske ni ina gyaran kifin da na sayo bakin tabki. Ni Dorkas ba a faɗa kusa da ni in zauna. Na ɗauki kwano kamar mai roƙon gishiri, na shiga.

Jamila jikarta na tsaye da ƙaramar guduma. Karatun duwatsu take yi a inibarsite a Maraɗi, saura mata aikin ƙarshe. Ana son ta kawo gutsuren dutse daga kudu wajen iyaka, a auna a labo, wato ɗakin gwaji, amma malaminsu ya hana su zuwa saboda hanya ba lafiya. In ba ta kai ba cikin satin nan, shekara ta tafi. Ga shi kuwa dutsen niƙan Hajiya daga can kudun kakar Hajiyar ta zo da shi bisa jaki.

"Kaka, ɗan kaɗan fa."

"Tafi ki fasa kan malaminku."

Na ce, "Ɗiyata, mi ke cikin dutse ne?"

Ta ce da fari duniya narkakkiya ce, ba wurin aje ƙafa. Ta huce, ta yi baƙin ɓawo mai nauyi, ruwa ya rufe shi. Sai ɓawon ya riƙa nutsewa yana sake narkewa, mara nauyin cikinsa yana tasowa sama yana taruwa, har ya zama ƙasar da muke takawa. Masana har yanzu suna gardama kan yadda abin ya soma.

"Kamar man shanu in an kaɗa nono," in ji ni. Aji ukun da na yi a lakwal ɗin mishan bai faɗi banza ba.

"Kusan haka, Inna Dorkas. Dutsen namu ba na fari ba ne, jikansu ne. Amma akwai 'yan ƙwayoyi cikinsa ƙanana da ke riƙe shekarunsu."

"Kin ji!" in ji Hajiya. "Yarinyar da ba ta iya dama fura ba, ita ta san shekarun duniya."

Na duƙa na shafa dutsen. Sumul, kamar tafin jariri.

"Ai bari ma, Jamila. Wanga ya mutu. Ko tattasai ba ya niƙawa. Da can Hajiya ita ke koɗa duwatsun unguwa, ta bubbuga su su yi kaushi. Yanzu hannu ya tsufa. Bari in je in gaya wa mata su daina saka rai."

"Wa ya tsufa? Ke da haƙoranki huɗu?"

Ta fizge gudumar daga hannun Jamila, ta ɗaure zane, ta durƙusa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas! Ɓarɓashi na tashi. Na ƙyafta wa yarinya ido, ta shimfiɗa takardar kaye, littafin rubutunta, tana tarawa tana juyewa a leda.

Can Hajiya ta tsaya. Ta dubi ledar, ta dube ni. Ni kuwa ina ta kallon kwanona.

"Dorkas, Allah ya shirye ki." Ta juya ga Jamila. "Wannan garin ya isa?"

"Da da ɗan gutsure, Kaka..."

Hajiya ta shafa gefen dutsen, inda ya lotsa da hannun mata uku. Sai ta ɗaga guduma ta sauke sau ɗaya. Kusurwa ta ɓalle, kamar ƙwan zabo.

"Ungo. Ki rubuta musu sunan mai shi, Zahara'u, kakata. In sun ƙirga shekarun ki zo ki faɗa mini ni kaɗai, kada wagga tsohuwa ta riga ni ji."

Na ce, "Hajiya, gishirin fa?"

Ta jefar da guduma, ta fice zuwa gidan ƙanenta inda ta saba zuwa huce fushi, ta bugo ƙyauren kwano har kaji suka watse.