Hancin Mai Tulu

A garinsu Zdislava ba a kwatancen gida da lamba, da mutum-mutumin da ke bangonsa ake yi. Nata shi ne Gidan Mai Tulu, saboda matar dutsen da ke tsaye saman ƙofa rungume da tulu tun zamanin kaka da kakanni. Zdislava ta tsufa a ƙarƙashinta ba ta taɓa ganin fuskarta kusa ba, don ita ko kujera ta taka sai jiri ya ɗebe ta. Mijinta Vratislav ne ke kafa tsani duk bazara ya hau, ya daɗe a can kamar an aiki bawa garinsu. Me yake yi haka? Ta sha tambayarsa. Shi kuwa magana tsada take masa, har ya bar duniya amsarsa ɗaya ce: "Kashin tattabaru."

Bana hukumar kayan tarihi ta turo mai gyara, wata Jarmila, aka kafa mata katakon hawa. Zdislava ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta fito da kofi don ta sami dalilin tsayuwa.

"'Yar nan, me kika gani kike ta girgiza kai?"

Jarmila ta amsa da laƙabin girmama mata na garinsu: "Pani Zdislava, hancin nan ba na matar dutsen ba ne, siminti ne. Na asali ya karye wani ya liƙa mata wannan, a karkace, har da ɗan ƙullutu a gefe. Doka ta ce a cire a mayar da irin na da."

"Cire mana! Na san gwanin, mijina ne, ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba."

"Ai ba kuskure ba ne. Shekara da shekaru ana taɓa shi, shafi kan shafi. Da gangan aka karkata shi."

Nan fa son sani ya fi ƙarfin tsoro. Tsohuwa ta tattare siket ta kama tsani, tana hawa tana tsine wa tattabaru, Jarmila na riƙe da hannunta.

Da ta kai sama sai ta ƙura wa fuskar dutsen ido. Hancinta ne sak, ita Zdislava. Wanda ya karye tana yarinya a kan ƙanƙara, wanda ta yi rayuwarta tana kau da shi daga masu ɗaukar hoto. Kuma ba na amarci ba ne, na tsufanta ne, har saukowar da ya yi bayan haƙoranta sun zube. Ashe kallonta Vratislav yake yi duk shekara, ya hau ya gyara. Haushinsa ya kama ta, kewarsa ta fi haushin.

"Ja'irin mutum," ta ce. "Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini ina da kyau ba." Ta share ido. "Dokar nan ba ta da wata kafa?"

"Babu, Pani. Ku yi haƙuri."

Zdislava ta buɗe tafin hannunta a ƙarƙashin fuskar dutsen.

"To bi a hankali, kada ki fasa. Ki ba ni abina."