Biran da Velaphi Ya Ɗauka Aiki

Dandamalin katakon da ke bayan gidan Velaphi Khuzwayo a Umkomaas, marigayi mahaifinsa ne ya kafa shi da hannunsa, kuma a kansa ake gashin nama duk Asabar. Amma iskar teku ba ruwanta da mahaifin kowa. Fentin ya tashi, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, yana bin takalma har cikin falo.

Matarsa MaShezi ta gaji da shara.

"Baban Zodwa, ko ka gyara abin nan kafin Kirsimeti, ko in kira magini ya cire shi ya malala siminti. Ban yi aure don in bauta wa katako ba."

Velaphi ya sayo samfefa ya durƙusa. Kafin rana ta take bayansa ya riƙe, abin da ya kankare kuwa bai fi faɗin faranti ba. Ya koma gefe yana cin ayaba cikin takaici. Sai ga wata tsohuwar birinya ta diro daga bishiya, ta sa farce tana neman ƙwaro, ta ɗaye fenti kamu guda. Velaphi ya yi tsuru, sannan ya jefa mata ayaba.

Washegari ta zo da danginta kaf. Velaphi ya kafa musu doka: ba ɗaye fenti, ba ayaba. Ya sa malafa yana zagayawa, hannu a baya.

"Ikon Allah," in ji MaShezi daga taga. "Ɗan kwangila, sannu da fama."

"Yi ta dariya. Waɗannan ba sa latti, ba sa ce min kakarsu ta rasu."

Kafin mako ya fita katako ya yi tas. Velaphi ya shafa sabon fenti mai launin zuma, ya bushe yana ƙyalli. MaShezi ma ta taka ta ce ba laifi, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan babban yabo ne.

Da gari ya waye, ko ɗigon fenti babu. Birai sun jeru a kan shinge, kowa ya miƙo hannu.

"Kai, 'yan banza! Aiki ya ƙare! Na sallame ku!"

To, wa ya taɓa sallamar biri? Ya sake shafawa, suka sake ɗayewa. Ya hana su ayaba, su kuwa suka ɗauka aikin ne bai gamshe shi ba, suka ƙara da ƙofar kicin. Ya roƙe su, ya jefe su da buroshi, har ya kai ƙararsu wurin tsohuwar birinyar, ta saurare shi tana ɓare kujerar da yake zaune a kai.

Kirsimeti ta ƙarato, magini ya zo. Velaphi ya tsaya yana kallo ana zare ƙusoshin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya, abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya kasa cin abinci.

Bayan siminti ya bushe, tsohuwar ta diro ita kaɗai. Ta karta nan, ta karta can, ba abin da ya ɗago. Ta duba farcenta, ta dubi Velaphi.

"Na sani, Iya," ya ce. "Ni ma ban san me zan yi a kansa ba."

Ya raba ayabarsa biyu, ya miƙa mata rabi.