Wankin Kyaftin

Umma ta tsoma hannu cikin baho ta ɗago rigar farko, sai lambar da ke bayanta ta saɓule ta manne mata a yatsu kamar ɓawon dafaffen tumatir. Ta ɗago ta biyu, ita ma haka. Kafin ta kai ƙasan bahon gabanta ya gama faɗuwa. Sababbin rigunan ƙwallon makarantar su ɗanta Bahago ne, waɗanda za a shiga wasan ƙarshe da su da la'asar, kuma babu ɗaya da ta tsira da lambarta. Baƙaƙen robobi ne kawai ke yawo a kan kumfa.

Ba ita ya kamata ta yi wankin nan ba, ta kuma sani sarai. Kocin makarantar yana da wata doka da ya riƙe fiye da koyar da bugun fanareti: bayan kowane wasa, ɗan wasa ɗaya zai tafi gida da jakar riguna, ya wanke da hannunsa, ya dawo da su. Wanda ya ba wani ya wanke masa, benci zai ɗumama a wasa na gaba, ko da shi ke cin ƙwallayen duka. Ranar da ya faɗi haka a taron iyaye, Umma ta gyaɗa kai tare da kowa, a ranta kuwa dariya take. Bahago da wanki? Yaron da ko kofin da ya sha shayi bai taɓa ɗaurayewa ba? Ga uwa, ga ƙanwa, ga shi kyaftin, ƙafarsa ta hagu ita ce hirar unguwa. Mahaifinsa direban babbar mota ne, ko daga ina ya bugo waya tambayarsa ta farko ita ce ƙwallo nawa yaron ya ci.

Wannan karon jakar ta shafe mako a ƙarƙashin gadon Bahago, sai wari ne ya tona asirinta da safe. Umma ta ga ba abin da zai fitar da tsamin nan sai tafasasshen ruwa, ta juye tukunya guda a kai. Ashe an gaya wa yaran cewa ruwan sanyi kawai rigunan ke so. Bahago bai ji ba, don shi in ana zancen wanki ba da shi ake ba.

Ya fito daga ɗaki yana miƙa, ya leƙa bahon, barcin ya watse daga idonsa.

"Umma, kin kashe ni. Alƙalin wasa ba zai bari mu shiga ba lamba ba. In kuma Koci ya ji ke kika wanke, shi ke nan, sai benci."

"To da ka wanke abinka tun ranar da aka ba ka..."

"Yanzu lokacin wannan maganar ne?" ya katse ta.

Can ta ji bakinta yana ba shi haƙuri, ita da ta yi masa aiki.

Auta, ƙanwarsa, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Makarantarsu ɗaya, tana ƙaramin aji. Ita ta yi tunanin da ba wanda ya yi.

"Umma, ai akwai ragowar baƙin yadin nan na ɗinkin jiya. Ki zana lambobin, ni in yanka, ki ɗora a keken ɗinki."

Bahago ya zura takalmi ya ce zai je ya lallaɓa Koci, su same shi a fili. Bai tsaya ko ya taya su shanya ba.

*

Suka wuni a ɗakin ɗinki. Umma na zana lambobi da alli, Auta na bin zanen da babban almakashi har babban yatsanta ya yi bororo. Rigunan ba su gama bushewa ba aka fara ɗora su a keke, allura na tsallake, zare na tsinkewa, Umma na tsaki.

Auta ta ɗaga wata lamba ta karkata kai. "Wannan bakwai ɗin dai lauje ne, Umma. Mai ita sai ya yi haƙuri."

Umma ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ta dubi yarinyar, gumi na bin wuyanta, ta ji wani abu ya taɓa mata rai. Ba ta tsaya bin sa ba, aiki na jira.

Da azahar suka cusa rigunan a jaka. Auta ta ɗora a ka, suka kama hanyar makaranta.

*

A bayan ragar gola suka tarar da su, 'yan wasa sun yi da'ira a kan ciyawa, Koci na tsaye a tsakiya da usur a wuya. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, irin wanda ba ya buƙatar tsawa kafin a ji tsoronsa. Ya zuge jakar, ya ware riga ɗaya, ya daɗe yana duban ɗinkin. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, Koci ya waiwaya, dariyar ta mutu.

"Sannu da ƙoƙari, Maman Bahago. Wannan zai wuce a wurin alƙali." Ya ninke rigar. "Tambaya ɗaya gare ni. Kyaftin ya ce shi ya jiƙa kayan da ruwan sanyi, ya shiga wanka, ƙanwarsa ta zo ta juye ruwan zafi a kai don ta haɗa da nata wankin. In haka ne, tsautsayi ne, zai buga. In kuwa ba shi ya wanke ba, ya san dokarmu. Ke ce babba a gidan. Haka aka yi?"

Umma ta dubi Bahago. Ya sunkuyar da kai yana ɗaure igiyar takalmin da ke ɗaure tuntuni. Ta dubi Auta. Yarinyar ta zuba mata ido hankali kwance, ko alamar tsoro babu, don ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai wata amsa ban da gaskiya ba.

Wasan ƙarshe ne. Mahaifinsa zai bugo waya. Unguwa duk ta taho kallo. Ita kuwa Auta yarinya ce, gobe ta manta. Haka Umma ta yi ta jera wa kanta dalilai, kowanne ta san na banza ne tun kafin ta gama kawo shi.

"Haka aka yi, Malam," ta ce. "Ka san yara."

Koci ya ɗago kai. Idonsa ya sauka kan yatsan Auta mai bororo, ya koma kan hannuwan kyaftin ɗinsa, sannan ya tsaya a fuskar Umma. Ta tabbata ya gane. Da ya ƙaryata ta a gaban yaran nan, da ta fi samun sauƙi, amma ba ya cikin masu kunyata uwa a gaban ɗanta.

"To," ya ce. "Tunda ke kika faɗa." Ya juya ga Auta. "Ba komai, 'yata. A riƙa kula."

Auta ta ce, "To, Malam," da wata murya ƙarama. Umma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

*

An cika fili maƙil. Da 'yan wasan suka fito, magoya bayan ɗaya makarantar suka hango lambobin ƙyalle, wata a karkace, wata ta tattare, suka ɗauki ihu da shewa. Kafin a je hutun rabin lokaci labari ya zaga ko'ina cewa ƙanwar kyaftin ce ta dafa rigunan makaranta. Umma na ji wasu 'yan mata a bayanta suna nuna Auta da baki, ɗaya ta ce, "Ga Mai Tafasa can," sauran suka tuntsire. Sunan ya bi layi kamar an aike shi.

Bahago ya ci ƙwallo ana dab da tashi, da ƙafar hagun nan tasa. Aka ɗaga shi sama, aka zaga fili da shi. Mata suka yi ta rungumar Umma suna cewa ta haifi ɗa. Ta yi ta yaƙe har kumatunta suka gaji. Da ta waiwaya neman Auta, ta tarar yarinyar ta tafi gida ita kaɗai.

*

Ranar Litinin da safe Auta ta sa kayan makaranta, ta rataya jaka, ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Tun ranar wasan ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. An aike ta ta je, an kira ta ta amsa. Wannan ladabin ne ya hana Umma cin abinci. Yara na wucewa a titi, wani ya leƙo ya kira sabon sunan ya ruga.

Umma ta jawo mayafi.

"Tsaya, Auta. Tare za mu tafi. Zan sami Koci a gaban kowa in gaya masa ni ce, kuma yayanki bai taɓa wanke ko safa ba. Ki yafe mini, ban kyauta miki ba."

Auta ta gyara igiyar jakarta, ba ta ɗago ba.

"Ki bari, Umma."

"Don me zan bari?"

"In kin faɗa, cewa za su yi uwata maƙaryaciya ce. Gara su ci gaba da kira na Mai Tafasa."

Ta fita, ta bi jikin katanga a hankali, kanta a ƙasa, har ta sha kwana. Umma ta tsaya da mayafi a hannu, ta kasa yafawa, ta kasa ajiyewa.

Daga cikin ɗaki muryar Bahago ta taso, cike da barci.

"Umma, wai ba a goge mini wando ba ne?"