Lamba Hamsin da Biyu

Duk unguwar Rillieux-la-Pape da ke gefen birnin Lyon babu wanda ya kai Malam Maikano surutu a kan ƙwallon Amurka, alhali ko sau ɗaya bai taɓa ɗora hular kwanon nan a kansa ba. Mutumin Damagaram ne, direban bas a Lyon. Abin ya shige shi ne ta hannun ɗansa na fari, Yanis, wanda ya shiga ƙaramin kulob ɗin unguwa yana ɗan shekara goma sha huɗu. Da farko kai shi kawai yake yi, ya tsaya jikin shingen fili yana tsaki, wai wannan wace irin ƙwallo ce da ake rungumewa kamar jariri a ruga da ita. Kafin a je ko'ina shi ke tuƙa motar kulob, shi ke naɗe wa samari idon sawu, har koci Monsieur Gérard ba ya yanke shawara sai ya waiwayo ya ce, "Maikano, me ka gani?"

Kuma yana gani ɗin, wannan kam a ba shi.

Lokacin da ya fi ƙauna shi ne watan Afrilu, sa'ad da manyan ƙungiyoyin Amurka ke zaɓen samari daga jami'o'i, abin da suke kira diraf. Ranar Asabar bayan azahar sai a hallara a falon Solomon, injiniya ɗan Kafanchan, amininsa tun farkon zuwansu Faransa. Rose matar Solomon ta dire musu tukunyar farfesu ta koma kicin abinta, don ta san abin da zai biyo baya.

"Wallahi Solomon ba ka da ido!" in ji Maikano, yana nuna talabijin da cokali. "Wannan da kake kurantawa gudu kawai ya iya, kamar ɓarawon kaza. Dubi wancan na Texas. Dubi yadda yake sauke ƙugu kafin ya kama mutum. Yaron nan zinariya ne!"

"Haba Malam, ɗan guntun nan? Ko a zagaye na uku ba wanda zai ɗauke shi."

"Tsawo ake ci? Zuciya ake dubawa! Ni a ba ni shi da tim ɗinka duka, shi zan ɗauka."

Haka za su yi ta yi har farfesu ya huce. Yanis kuwa yana zaune a kan kafet da faranti a cinya, yana jin ubansa na zuba yabo a kan 'ya'yan mutanen da bai taɓa gani ba sai a bidiyo. Shi ma wurin da yaron Texas yake tsayawa nan yake tsayawa, a tsakiyar masu tsaro, inda aikinka shi ne ka gane inda ƙwallo za ta bi ka riga ta zuwa. Lambar rigarsa hamsin da biyu. A kansa dai bakin Maikano bai taɓa buɗewa ba.

To, kada a yi wa mutumin nan mugun zato. Sunan nan Yanis na takardar Faransa ne kawai. Sunansa na yanka Yunusa, sunan mahaifin Maikano. Ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan uba, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Uwarsa Hassia tana ce masa Abba. Maikano kuwa tun ranar suna bai taɓa kiransa da komai ba sai "kai", in kuma a bayan idonsa ne, "wancan yaron". Haka nasa uban ya yi masa a Damagaram, kuma bai taɓa shakkar ana sonsa ba, domin a can abin yana da yadda ake yinsa. Uba ya kushe ɗansa a gaban mutane, nan take baffa ko aminin uba ya yi caraf ya ce, "A'a, ban yarda ba, yaron nan ya fi ƙarfin haka." Uban ya kawar da kai kamar bai ji daɗi ba, kowa ya tashi da fara'a.

A Lyon Solomon ne baffan. A cikin Hausawa ya tashi, ya san wasan sarai. In Yanis ya kayar da wani ƙato a fili, Maikano ya taɓe baki ya ce sa'a ce kawai, sai Solomon ya daka tsalle: "Sa'ar me? Malam ka ji tsoron Allah! Wannan ɗana ne, ba naka ba!" Maikano ya sunkuyar da kai yana gyara hula, daɗi kamar ya kashe shi.

A shekarar 2008 aka aiko cewa za a yi gwaji a Paris, masu horarwa daga kwalejojin Kanada za su zo su duba samari, wanda ya burge su a ba shi gurbin karatu da wasa. Ƙaramin kulob irin nasu mutum ɗaya aka ce ya turo. Kowa ya san tsakanin biyu ne: Yanis, ko Zaid ɗan Alhaji Youssouf, maƙwabcinsu na bene ɗaya. Yanis ya daina shan lemo, ya daina yawo, kullum kafin makaranta yana gudu a gangaren da ke sauka bakin kogin Rhône. Maikano yana hango shi ta tagar bas, ya yi kamar madubi yake dubawa.

Ranar yanke hukunci Asabar ce, bayan atisaye. Iyaye sun taru a barandar ɗakin canza kaya, Alhaji Youssouf yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Maikano. Solomon ya kai Rose unguwa ƙetaren gari, cunkoson motoci a titin ƙarƙashin dutsen Fourvière ya riƙe shi. Monsieur Gérard ya fito yana sosa ƙeya ya ce shi kam kansa ya kulle. Sai ya yi abin da ya saba.

"Maikano, kai ka san su duka biyun. Wa za mu tura?"

Amsar tana bakinsa tun bara. Zaid yana da ƙarfi da gudu, amma sai ya ga ƙwallo yake bin ta. Yanis kuwa kafaɗar mai jifan ƙwallo yake karantawa, kafin ƙwallo ta bar hannu ya riga ya isa. Irin wannan ido ba a koyar da shi. Amma a ce ya buɗe baki a gaban uban Zaid, a gaban jama'a, ya ce ɗansa na fari? Ina! Harshensa ya bi hanyar da ya saba bi.

"Zaid mana," ya ce da Faransanci, har da ɗan murmushi. "Wancan yaron bai kai ba. Raggo ne, bar shi ya ƙara girma."

Ya faɗa, ya juya yana duban ƙofar waje, yana jiran muryar da za ta ce ba ta yarda ba. Shiru. Alhaji Youssouf ya san al'adar kamar yadda ya san sunansa, amma ɗansa ake magana a kai, sai ya dubi takalminsa. Monsieur Gérard ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, in kai ka faɗa." Ƙofar da ta buɗe ta ɗakin canza kaya ce. Yanis ya fito riƙe da hularsa, gashinsa jiƙe da gumi. Bai dubi kowa ba, ya raɓa su ya wuce.

Solomon ya iso an watse. Da ya ji abin da ya faru sai ya ɗora hannu a ka. "Malam, me ka aikata? Bature ka gaya wa haka? Je ka gyara yanzu!"

"Kai dai je ka," in ji Maikano, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Aikinka ne."

Solomon ya je. Monsieur Gérard ya ce ya riga ya sanar da Zaid, kuma uban da ke kwana gida ɗaya da yaro ya ce bai kai ba, shi wane ne da zai musa? In Maikano ya canza ra'ayi, ya zo da bakinsa ya faɗa. Abin da ya rage ke nan, taku kaɗan zuwa ofishin koci da magana ɗaya. Maikano ya yi ta juya abin a ransa har sati ya zagayo. Ya je ya yabi ɗansa, ya kuma ƙwace gurbi daga hannun ɗan maƙwabci? Da wane ido zai dubi Alhaji a masallaci? Bai je ba. Shi da kansa ma ya tuƙa Zaid zuwa tashar jirgin ƙasa.

Hassia ta yi masa tatas a ɗaki. "Nan ba Damagaram ba ce, Malam! Yaron nan a asibitin Lyon na haife shi. Abin da kunnensa ya ji shi ya sani."

"Ai ya san abin da ke raina."

"Ta ina? Wa ya gaya masa?"

Zaid ya samu gurbi a Kanada. Yanis ya wanke rigarsa ya ninke, ya mayar wa kulob da hula da sulken kafaɗa. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka a gaban kowa ba, kuma wannan ya fi ci wa Maikano rai. Yana gama sakandare ya tafi Paris, ya samu aiki a babbar kasuwar Rungis yana tuƙa injin ɗaga kaya a rumfar 'ya'yan itace. In ya bugo waya, gaisuwarsa da ubansa ba ta wuce "Baba ina wuni, ya aiki," sai ya ce a ba shi Mama. Falon Solomon ma ya yi sanyi. Ana zama a watan Afrilu, amma da Maikano ya fara cewa wani yaro zinariya ne sai maganar ta maƙale masa.

Shekaru suka tafi. Yanis ya auri Amal, suka haifi Widad. Wani Afrilu, bayan Maikano ya yi ritaya, Hassia ta saya masa tikitin jirgi ta ce ba za ta raka shi ba, ya je shi kaɗai ya ga jikarsa, in yana da abin faɗa kuma ya faɗa. Tun daga tashar Part-Dieu ta Lyon har Paris yana shirya magana a zuci. Da Hausa ya shirya ta, ya ga ta yi nauyi, ya mayar da ita Faransanci, ya ga ba tasa ba ce.

Gidan Yanis yana kusa da unguwar Porte de la Chapelle, hawa na biyar, ƙarar motocin babban titi tana shigowa ta taga. Da la'asar ne, Yanis bai daɗe da tashi daga barci ba, don aikin dare yake yi. Ya yi ƙiba kaɗan, amma kafaɗun suna nan. Ya karɓi jakar ubansa da ladabi, ya haɗa shayi. Widad ta rugo da zanen da ta yi a makaranta, Yanis ya ɗaga ta sama yana cewa, "Widad! Widad tawa! Duk ajinku ba wanda ya kama ƙafarki!" 'Yar fari, a gaban kakanta, ko a jikinsa. Maikano ya ji kunya ta kama shi, bayan kunyar kuma ya ji ƙyashi, ƙyashin ɗan cikinsa.

Suka zauna. Sai Yanis ya taimake shi da buɗe hira. "Baba, har yanzu kuna musun diraf da Kawu Solomon? Bana wa ka zaɓa?"

Maikano ya ajiye kofi. Maganar da ya shirya ta gudu, amma wannan harshen ya iya shi.

"Na bana duk ba su burge ni ba," ya ce. "Akwai dai wani da na taɓa gani. Mai tsaron tsakiya. Ba shi da tsawo can-can, amma kafaɗar mai jifa yake karantawa. Na ga ranar da aka yi ruwa a filin Villeurbanne, ya kama ƙwallo da hannu ɗaya yana faɗuwa, ya tashi bai ko yi murna ba, ya koma wurinsa. Kullum da safe yana gudu a gangaren kogi, ba wanda ya sa shi. Na kalli samarin Amurka sun fi a ƙirga, wallahi ban ga mai idonsa ba. Da ni ke zaɓe, shi ne na farko."

Yanis bai motsa ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Amal da ta leƙo daga kicin ta koma da sauri.

"Sunansa fa, Baba?"

A hankali ya yi tambayar, kuma ya jira. Maikano ya buɗe baki. Sunan yana nan, ya taso har maƙogwaro, sunan ɗansa, sunan ubansa. Ya ji kamar duk dattawan Damagaram sun shigo falon sun zauna suna kallonsa.

"Lamba hamsin da biyu," ya ce.

Yanis ya ƙara jira kaɗan, ko akwai saura. Sannan ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki buta ya ƙara wa ubansa shayi.

Widad ta ja rigarsa. "Papa, wane ne hamsin da biyu?"

"Wani ne kakanki ya sani a Lyon," in ji Yanis, yana shafa kanta. "Ya daɗe da daina wasa. Baba, sha shayinka kada ya huce."