Mutuwar Baba Edi ta Ƙarshe

"Malama, don Allah koma ki zauna," in ji Shu'aibu mahauci. Ya tare ni da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiyar labule. "Kin san dokarsa. Ba a taɓa shi sai ya ɗaga yatsa."

Baba Edi yana kwance a simintin tsakar gidanmu na haya a Tudun Wada, ƙafarsa ɗaya tana shure-shure, mutanen gida kuwa sai tafi suke yi.

Bature ne ɗan Ingila, amma a nan Jos aka yanke masa cibiya, zamanin da ubansa ke aikin kuza. An tafi da shi yana yaro, ya zama ɗan wasan kwaikwayo a manyan dandamalin Landan, ya fito a fina-finai, har aka ba shi lambar yabo, wani ɗan gunkin ƙarfe da na ga yana tokare ƙofa da shi. Da tsufa ya zo, matarsa ta rasu, masu kiransa aiki suka manta lambarsa, sai ya tattaro ya dawo, ya kama ɗakin da ke jikin nawa.

Duk Asabar bayan la'asar yakan rataya tsohon zanen gado a igiyar shanya a matsayin labule, ya yi mana wasa. Turancin nasa ba kowa ke ji ba, mutuwar ake jira. Ya mutu da guba, ya mutu da takobi, ya mutu da baƙin ciki. In ya faɗi, sai ya daɗe a kwance ba motsi, har sai ya ɗaga yatsa Shu'aibu ya ja labule. Wata rana Adaugo mai shagon ƙofar gida ta tsorata ta sheƙa masa ruwa. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. "Kin kashe mini mutuwata," ya ce mata.

Ni kuwa adabin Turanci na koyar har na yi ritaya, jawabin da yake yi a ranar na san shi kamar yunwar cikina. A tsakiyar magana ya tsaya, abin da bai taɓa yi ba. Kuma ya faɗi ne da ƙeyarsa wajenmu, alhali shi da bakinsa ya gaya mini ɗan wasa ba ya juya wa masu kallo baya ko da yana mutuwa. Na ji ƙarar kansa a siminti.

"Shu'aibu, wannan ba wasa ba ne."

"Haba Malama! Ni fa mahauci ne, na san abin da ke mutuwa. Wannan shure-shuren a wurina ya koya. Sati guda yana zuwa mayankarmu ta Abattoir yana kallon yadda rago ke yi da ƙafa."

"Mama Ticha, bar shi," Adaugo ta ce daga kan benci. "Ni na sha nawa fushi, ke ma kina so? Yau ya fi kyau ma, duba yadda ƙafar ke yi."

Dantong mai keke napep ya matso da wayarsa yana ɗauka. "Oga ya iya! Wallahi oga ya iya!"

Na ɗaga sandata na kwaɗa wa Shu'aibu a hannu, ya ja da baya don mamaki, na wuce. Gwiwoyina ba su son durƙuso, amma na durƙusa. Na juyo da fuskarsa. Bakin ya karkace gefe guda, ido ɗaya a buɗe, jini yana bin gashinsa ta bayan kunne. Wandonsa ya jiƙe sharkaf.

"Shu'aibu, zo ka gani," na ce. "Wannan ma a Abattoir ya koya?"

Tafin ya mutu a hankali, daga gaba zuwa baya. Dantong ya sauke wayar.

"Innalillahi," in ji Shu'aibu. Shi ya sungume shi, kamar ba nauyi, ya kai shi keke.

Ruwa ya sauko kafin mu hau titi, irin na Agusta mai shiga ƙashi. Kansa yana cinyata, Shu'aibu yana riƙe da ƙafafunsa, Dantong yana danna hon yana zagin duk wanda ya tare hanya. Can sai leɓen Baba Edi ya motsa. Na kai kunne, ina zaton Turanci zan ji, ƙarshen jawabin da ya bari. Hausa na ji, irin ta ƙaramin yaro.

"Inna Hasiya, sanyi."

Sunan matar da ta yi rainonsa ke nan. Na cire mayafina na lulluɓe shi. Bai sake cewa komai ba.

Likitar da ta duba shi yarinya ce, sa'ar jikata. Ta ce jijiya ce ta fashe masa a ka. Na tambaye ta ko da an kawo shi da wuri da ya tashi. Ta ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma a'a. Ya cika kafin a kira magariba.

Washegari gida ya cika da masu gaisuwa. Kowa da irin tasa. Wani ya ce kwana ne ya ƙare. Wata ta ce ai ya more, ya mutu yana yin abin da yake so ana yi masa tafi. Ni ban musa ajali ba, amma ban ga moriya a kwance cikin fitsari mutum yana jin maƙwabtansa suna dariya ba. In dai yana ji. Na amsa gaisuwarsu kawai, don gidan makoki ba aji ba ne.

Shu'aibu bai shigo ba sai da jama'a suka watse. Ya zauna a ƙarshen bencin ƙofata, ya ajiye ƙunshin nama a takarda tsakaninmu, irin gaisuwar da ya iya.

"Malama," ya ce, idonsa a ƙasa, "ke ba kya ɓoye magana. Da na bar ki tun farko, da ya rayu?"

Na san amsar da kowa zai ba shi. Na dube shi, ƙaton mutum, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"Ban sani ba, Shu'aibu."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna. Jinin naman ya ratsa takardar, ya bi tsagar katakon benci, yana ɗiga ƙasa ɗaya bayan ɗaya.